Google Drive ko katin memori: ina ya fi dacewa a ajiye kayan waya?

Ƙorafin masu wayar Android ya taso sau biyu. A ranar 1 ga Yunin 2021 Google Photos ya daina karɓar hotuna kyauta ba iyaka, sannan a 2024 ajiyar WhatsApp, wato kwafin hirarrakin da ake turawa Google Drive (ma'ajiyar Google ta intanet), ta fara cin gurbi a cikin 15GB ɗin da Google ke bayarwa. Gmail da Drive da Photos duk daga wannan kason suke ci, shi ya sa idan ya cika ajiya take tsayawa, imel ma ya daina shigowa. Mutane da yawa ba sa lura sai ranar da waya ta ɓata.

Duk da haka Drive yana da abin da kati ba shi da shi: ko an sace wayar, lambarka da asusun Google ɗinka sun isa ka dawo da hirarrakinka. Sai dai bidiyon da ake turawa a rukunin WhatsApp ne ke cinye wurin a Drive. Shiga saitin ajiyar hira a WhatsApp ka kashe haɗawa da bidiyo, ka kuma bar ajiyar ta jira Wi-Fi don kada data ta ƙare.

Katin memori ba ya buƙatar data ko kuɗin wata-wata, amma yana tafiya tare da ɓarawon wayar. Ga kuma jabu a kasuwa: a rubuta 64GB, ainihinsa bai kai ba, sai fayiloli su riƙa lalacewa bayan ya cika. Kafin ka amince da shi, cika shi da bidiyo a kwamfuta ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya.

Saƙonni da takardu su tafi Drive, manyan bidiyo su zauna a kati.