Gilashin zuƙowa mai hana girgiza: wanne ya dace da aikinka?

Masu sayar da kayan hoto sun san haruffan da ke sa mai saye ya saki kuɗi: IS a jikin gilashin Canon, VR a na Nikon, OSS a na Sony, OS a na Sigma, VC a na Tamron. Duk abu ɗaya suke nufi: hana girgiza. A cikin gilashin akwai 'yan na'urori masu jin motsi, da zarar hannunka ya girgiza sai su karkatar da wani ɓangare na gilashin, hasken ya sauka a kan sensa, wato ɗan farantin da ke kama hoto a cikin kyamara, daidai inda ya kamata. Canon ce ta fara fitar da irinsa cikin gilasan da ake cirewa a sauya, a 1995, wato 75-300mm IS. Nikon ta biyo baya da 80-400mm VR a 2000. Yau kuwa har gilashin da ke zuwa tare da kyamara a kwali yakan zo da shi.

Kafin ka ƙara kuɗi saboda waɗannan haruffa, ka san iyakarsu. Rawar hannunka kaɗai suke magancewa. Idan abin da kake ɗauka ne ke motsi, babu ruwansu.

Ga yadda lissafin yake. Masu hoto suna da tsohuwar ƙa'ida cewa saurin ƙiftawar kyamara kada ya gaza tsawon gilashin, wato lambar mm da ke nuna nisan zuƙowarsa: idan kana kan 200mm, kada ka sauka ƙasa da 1/200 na daƙiƙa. A kyamarori masu ƙaramar sensa, irin su Canon 600D da 700D ko Nikon D3300 da D5300 da suka cika hannun masu hoton biki, sai ka ninka tsawon da 1.6 a Canon, ko 1.5 a Nikon. Ke nan 250mm a Canon daidai yake da 400mm, kana bukatar 1/400. Gilashin da ke ba da rangwamen mataki uku zai sauko da kai 1/200, 1/100, har 1/50, hoton kuma ya fita tas. Wannan babban taimako ne idan liman kake ɗauka yana zaune wajen ɗaurin aure, ko adon bangon fada da yamma sakaliya. To amma ka gwada 1/50 a kan mahayan da suka sako dawakai a guje ranar hawan daushe. Ginin da ke bayansu zai fita sarai, dawakan kuwa su yi dishi-dishi. Doki a guje yana son 1/1000 ko kusa da haka, kuma a wannan sauri rawar hannu ba ta cika samun damar ɓata hoto ba.

Saboda haka tambayar farko ita ce: me ka fi ɗauka, kuma a wane haske?

Mai aikin waje da rana, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, Canon EF-S 55-250mm IS STM ya ishe shi. Nauyinsa gram 375 ne kacal, injinsa na daidaita kaifin hoto ba ya ƙara, hotonsa kuma ya fi kuɗinsa. Abokin hamayyarsa a kanti shi ne EF 75-300mm III, wanda ya fi shi araha, ya kuma fi shi tsawo da 50mm. Ba shi da hana girgiza ko kaɗan, kuma hotonsa a 300mm ba ya da kaifi. Araha ba ta ado. Da in sayi wannan sabo gara in sayi 55-250mm na hannu.

A ɓangaren Nikon akwai tarko biyu a gilashi ɗaya. AF-P DX 70-300mm iri biyu ne, mai VR da marar VR, kuma kamarsu ɗaya in ba ka karanta rubutun jikinsu ba. Marar VR ɗin shi aka riƙa haɗawa da wasu kyamarori a kwali, don haka ya yi yawa a kasuwar kayan hannu. Tarko na biyu: gilasan AF-P ba sa aiki da tsofaffin kyamarori irin su D90, D3100, D3200 da D5100. Wanda ke riƙe da ɗaya daga cikinsu sai ya nemi mai rubutun AF-S, kamar 55-300mm VR ko 55-200mm VR.

Sai masu cewa ba sa son ɗauke-ɗauke, gilashi ɗaya suke so daga hoton taron dangi har fuskar sarki daga nesa. Nan ne ake samun Nikon 18-200mm VR, da Tamron 16-300mm VC, da 18-400mm VC da Tamron ta fitar a 2017. Amfaninsu a fili yake: ba ka buɗe kyamara a tsakiyar ƙura don sauya gilashi, abin da duk wanda ya yi aiki a filin hawa ko lokacin hunturu ya san darajarsa. Amma kowane allazi da nasa amanu. Idan ka zuƙo har ƙarshe, ƙofar hasken Tamron ɗin nan biyu takan tsuke zuwa f/6.3 (gwargwadon girman lambar f, gwargwadon ƙarancin hasken da ke shiga), gefen hoto ya yi laushi, kyamara kuma ta riƙa lalube kafin ta kama fuska idan haske ya ragu. Ga shi suna miƙewa sosai idan ana zuƙowa, suna shaƙar iska suna fitarwa, ƙura na samun hanya. A ganina tsaka-tsakin ya fi: Canon 18-135mm IS ko Nikon 18-140mm VR. Sun ɗauke yawancin aikin yini ba tare da hoto ya sha wahala ba.

Inda aka fi yin asarar kuɗi shi ne aikin cikin ɗaki. Mai ɗaukar kamu ko dina, a zauren da fitilunsa shuɗi da ja ne, amarya na takowa, ƙawaye na rawa, ana liƙi, ba rawar hannu ce matsalarsa ba. Haske yake nema, domin mai rawa yana bukatar 1/250 ko fiye. Gilashin f/2.8 yana shigar da haske ninki huɗu na f/5.6, kuma wannan hasken yana tsayar da hannunka da mai rawar gaba ɗaya. Shi ya sa idan aka ajiye mini 18-135mm mai IS da Tamron 17-50mm f/2.8 marar VC aka ce in zaɓa don dina, Tamron ɗin zan ɗauka ban waiwaya ba. Wanda ke son haɗa biyun akwai Sigma 17-50mm f/2.8 OS, akwai kuma Canon EF-S 17-55mm f/2.8 IS mai tsada. A kyamara mai cikakkiyar sensa, irin 6D ko 5D, Canon 24-70mm f/2.8L II ba shi da IS, amma ƙwararru ba su fasa amfani da shi ba. Tamron 24-70mm f/2.8 kuwa yana da VC.

Babban yayansu shi ne 70-200mm f/2.8, wanda Canon da Nikon da Tamron da Sigma duk suna da nasu mai hana girgiza. Ya haɗa haske da nisa, kuma na Canon EF ba ya miƙewa idan ana zuƙowa, ƙura ba ta cika shigarsa ba. Sai dai ya kai kusan kilo ɗaya da rabi. Ka rataya shi tun daga ɗaurin aure har dare ka ji yadda wuyanka zai yi. Ƙanensa 70-200mm f/4 IS kusan rabin nauyin ne, kuma ga mai aikin rana bai rage komai ba.

Mai bidiyo kuwa kada ma ya tsaya shawara. Ana ɗaukar bidiyo ne a 1/50 ko kusa da haka, kuma ƙaramar girgiza takan bayyana ƙarara a allo. Shi hana girgiza wajibi ne gare shi, tare da injin da ba ya ƙara, wato STM a Canon, AF-P a Nikon, in kyamararsa ta yarda da shi.

Ka duba kyamararka ma. Wasu suna da hana girgiza a jikinsu, sensa ce ke motsawa: Pentax, Olympus, wasu na Sony irin a7 II ta 2014, Canon R5 da R6 na 2020, Nikon Z6 da Z7. Mai irin waɗannan zai iya sayen gajeren gilashi marar hana girgiza hankalinsa kwance, ko da yake a dogon gilashi na cikin gilashin ya fi tasiri. Kyamarorin DSLR na Canon da Nikon, wato masu madubi a ciki irin 600D da D3300, babu mai shi a jiki, ba su da zaɓi sai na gilashi. Kuma gilashin EF-S ba ya hawa kan 5D ko 6D, don haka mai niyyar sauya kyamara nan gaba ya yi tunani tun yanzu.

Yawancinmu na hannu muke saye, saboda haka ka je da kyamararka, kada ka yarda da ta mai kanti kaɗai. Ɗora gilashin, zuƙo har ƙarshe, sa ido a maleƙa, ka danna maɓallin ɗauka rabi. Za ka ji ɗan sauti ƙasa-ƙasa, hoton da ke rawa kuma ya nutsu. Idan ya riƙa zabura, ko ka ji ƙwas-ƙwas mai ƙarfi, na'urar ta fara lalacewa, gyaranta kuma yakan yi tsada. Ɗauki rubutun wani allo daga nesa a 1/50, sau da yawa da na'urar a kunne, sau da yawa a kashe, ka faɗaɗa hotunan ka kwatanta. Haska fitilar waya ta bayan gilashin: 'yar ƙura ba komai ba ce, amma zare-zare masu kama da saƙar gizo fumfuna ce, ka ajiye musu kayansu. Juya shi ƙasa ka gani ko yana zamewa da kansa. Idan kuma Canon ta nuna maka Err 01, gilashin da kyamarar ba sa jin juna. Goge 'yan ƙarafan bayansa da ƙyalle mai tsabta ka sake gwadawa, in ya maimaita ka nemi wani.