Gidan Abincin Haɗe-haɗe na Unguwa: Abin da Iyali Za Su Ci da Wanda Za Su Bari

Ƙaramin wuri ne mai tebur goma sha biyu, daga inda kake zaune kana hango mai girki ta taga yana juya kasko. Girkinsu haɗin na Koriya ne da na Meziko, salon da motar sayar da abinci mai suna Kogi, ta mai girki Roy Choi, ta yayata a birnin Los Anjelas na Amurka tun 2008. Kuɗinsu da sauƙi, shi ya sa da yamma iyalai ke cika wurin.

Tako na naman sa, wato nama a naɗe cikin 'yar gurasa, shi ne abin da ya cancanci a zo dominsa. Suna yanka naman falle-falle, su jiƙa shi ya kwana cikin ruwan waken soya da tafarnuwa da man riɗi da ɗan sukari, sannan su gasa a kan ƙarfe mai zafi har gefensa ya yi duhu yana ƙyalli. Sukarin nan da ke kamawa shi ke ba naman ɗanɗanonsa. Sai a ɗora shi a kan 'yar gurasar masara mai faɗi, biyu a haɗe, a zuba kimci, wato kabejin Koriya mai tsami da yaji. Haɗa gurasa biyun yana da dalili: ruwan kimci kan ratsa ta cikin 'yan mintuna, in guda ce sai ta yage a hannu. Don haka kada ku karɓi tako duka a tashi ɗaya. Ku fara da shida, in kun cinye ku ƙaro.

Kazarsu ma ta yi. Sau biyu suke soya ta: da farko a mai mai matsakaicin zafi don cikin ya dahu, a tsame ta ta huta, sannan a mayar cikin mai da ya fi zafi har bayan ya yi ƙarau. Matsalar guda ce, in aka malala mata miyar yaji tun daga kicin, kafin ta iso tebur ɓawon ya fara laushi. Ku ce a kawo miyar a kwano daban. Hakan ya fi wa yara ma, don yajin yana da ƙarfi.

Inda suka gaza shi ne soyayyar taliya, kuma abin takaici ne, domin ba rashin iyawa ba ne. Irin wannan suya tana son wuta mai ƙarfi da abinci kaɗan a kasko, faranti ɗaya ko biyu. Da cunkoso ya kama bayan ƙarfe bakwai da rabi, sai mai girki ya zuba na mutum huɗu lokaci guda. Zafin kasko ya faɗi, kayan lambu su saki ruwa, taliyar ta dahu maimakon ta soyu, ta iso a cure kuma salam. Soyayyar shinkafa ba ta faɗa wannan ramin ba, saboda da wadda ta kwana a firji suke yi, ƙwayoyinta a warware.

Ga iyali na mutum shida, manya huɗu da yara biyu, tako goma sha biyu da babban farantin kaza ɗaya da shinkafa biyu sun wadatar. Kada ku ƙara gishiri kafin ku ɗanɗana, gishirin ruwan waken soya ya riga ya isa.

Akwai tambayar da bai kamata a tsallake ba kafin a yi oda: me aka sa a cikin abincin? Wasu miyoyin irin wannan girki ana sa musu mirin, wanda giyar shinkafa ce, haka kuma dafaffen waken Meziko da gurasar fulawa a al'adance da kitsen alade ake yinsu. Riɗi kuwa yana cikin kusan komai, sai a kula da wanda jikinsa ba ya ɗauka. Ma'aikatan ba sa ɓata rai da tambaya, har kicin sukan shiga su duba kwalba su dawo da amsa.

Kujerun jarirai biyu kacal suke da su, kuma wurin yana da hayaniya in ya cika. Mai zuwa da ƙananan yara ko tsofaffi ya iso kafin ƙarfe bakwai, ya nemi teburin da ke nesa da tagar kicin saboda hayaƙin gashi.