YouVersion a hannun mai shirya nazari kan Romawa 13

Duk mai jagorantar nazarin Littafi Mai Tsarki a majami'un Maradi ya san tambayar da ba ta ƙarewa: ina biyayya ga hukuma ta tsaya, ina lamiri ya fara? Manhajar Littafi Mai Tsarki ta YouVersion, wadda ake saukewa kyauta a salula, tana taimakawa a nan, amma sai an san yadda ake riƙe ta.

Abin da ya fi amfani shi ne jera fassarori. A buɗe Romawa 13:5, ayar da ta haɗa biyayya da lamiri, a taɓa ayar, a zaɓi kwatantawa, sai ga tsohuwar Hausa ta Littafi Mai Tsarki, da Sabon Rai Don Kowa, da Faransancin Louis Segond na 1910, duka a fuska ɗaya. Ga ikilisiyar da rabinta ya yi lakwal, rabi kuma Hausa kaɗai yake ji, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. A sauke fassarorin cikin waya tun ana da rezo, domin ranar Lahadi ba a dogara da intanet. Karatun murya kuwa yana cin kuɗin haɗi, a yi hattara.

Inda take gazawa: tana saba wa mutum da tsintar aya ɗaya. Wanda ya tura Romawa 13:1, mai cewa kowa ya yi biyayya ga mahukunta, a WhatsApp da hoto mai kyau zai ce a bi kowace doka ido rufe. Wani ya mayar masa da Ayyukan Manzanni 5:29, inda Bitrus ya fifita biyayya ga Allah a kan ta mutane, sai gardama ta tashi, kowa da ayarsa kamar sanda. Nassin kaɗai ba zai gaya maka cewa Bulus ya rubuta wasiƙar wajen shekara ta 57, a zamanin Nero, sarkin Roma da ba mai bi ba. Wannan sai malami.

Gyaran shi ne a yi wa ayoyin alama da launi biyu. Launi ɗaya ga na biyayya: Romawa 12:17 har 13:10 a jere, 1 Bitrus 2:13-17, Titus 3:1, Markus 12:17. Ɗayan ga na ƙin bi: ungozomomin Fitowa 1:17, Daniyel sura 3 da 6, Ayyukan Manzanni 5:29. Da an jera su, ana ganin cewa waɗanda suka ƙi, an umarce su ne da kisa, ko sujada ga gunki, ko barin addu'a da wa'azi. Daniyel kuma bai gudu daga hukuncin ba. Lanho da patanti na ɗan kasuwa ba su cikin wannan sahu, haka ma neman izinin gina wurin ibada da dokar 2019 ta tanada a Nijar.

Ga fasto da ɗalibin makarantar Littafi, manhajar ta cancanci wurinta a waya. Tsofaffin da idonsu ya raunana, a ƙara musu girman rubutu a saitin karatu, ko a bar su da bugun takarda.