Shagon turin fim na wajen Kasuwar Barci, abin da na gani

Ranar Asabar na shiga wani shagon masu tura fim a waya a Tudun Wadan Kaduna, wajen Kasuwar Barci, ƙanwata Ummi ce ta dame ni wai malaminsu ya yi musu zancen wariyar launin fata tana son ta gani da idonta. Yaron shagon akwai kirki wallahi, da na ce masa fim ɗin yara nake nema, baƙi da fari suna abota lokacin da doka ta hana, sai ya ce "Yaya wannan ba ya tafiya a nan, Indiya da Koriya ake so" amma duk da haka ya zauna ya tona kwamfutarsa har ya zaƙulo min The Color of Friendship, na Disney, na shekarar 2000.

Fim ɗin kam ya yi. A 1977 ne, wata yarinya farar fata daga Afirka ta Kudu ta je Amurka karatu, ta sauka gidan ɗan majalisa Ron Dellums, ita ta ɗauka gidan turawa za ta, su kuma sun ɗauka baƙa ce za ta zo, kowa ya ga kowa a filin jirgi jiki ya yi sanyi. Ita da 'yar gidan da farko ko kallon juna ba sa so, sannu a hankali suka shaƙu, sai ga labarin mutuwar Steve Biko, ɗan gwagwarmayar yaƙi da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, a hannun 'yan sanda ya shigo tsakaninsu.

Ni dai ina kallo Ladi nake tunawa, maƙociyarmu da muke cin tuwo kwano ɗaya, bayan rikicin addini na Kaduna na shekarar 2000 suka tattara suka haye gada zuwa Sabon Tasha, tun daga nan ban sake sa ta a ido ba.

To ga inda suka ɓata min rai. Hoton dishi-dishi, kamar daga tsohon kaset aka kwaso, kuma wajen ƙarshe murya na riga baki. Babu fassarar Hausa, dole na zauna ina yi wa Ummi tafinta tana ta "Yaya me ta ce?" Memori ɗina ma sai da ya cusa min waƙoƙin da ban tambaya ba.

Zan koma dai, ya yi alƙawarin nemo min mai hoto garau ranar Laraba, kuma ya ce ba zai sake karɓar kuɗi ba.