Sharhi kan rumbun LVM-thin na Proxmox: halinsa idan ya cika

Tun daga sigar 4.2 da ta fito a 2016, Proxmox VE, manhajar da ke gudanar da kwamfutocin kwaikwayo da yawa a cikin sabar guda, yake zuwa da rumbun ajiya mai suna local-lvm a kan tsarin LVM-thin, kuma a kansa nake ɗora yawancin kwamfutocin kwaikwayo da nake kula da su. Amfaninsa a fili yake, domin mutum na iya yanka wa kowace na'ura faifai mai gigabait 100 ko da rumbun bai kai jimillar abin da aka raba ba, tunda ba a cin wuri sai an rubuta bayani a zahiri. Ɗaukar sinafshot, wato hoton yanayin faifai a wani lokaci da za a iya komawa gare shi, ma nan take ake yi, sai dai yana riƙe tsofaffin bayanai, don haka nauyinsa yana ƙaruwa a hankali duk lokacin da na'urar ta sauya wani abu.

Da gangan na cika rumbun wata tsohuwar sabar gwaji don in ga halinsa. Da ya kai kashi 80, sai dmeventd, manhajar da ke sa ido kan rumbun, ya rubuta gargaɗi a kundin tsarin, inda ba kowa ke leƙawa ba. Da umarnin lvs ya nuna Data%, wato kason rumbun da bayanai suka cinye, ya kai 100, na'urar kwaikwayon ta tsaya cik, da alamar io-error kusa da sunanta. Na goge tsohon sinafshot, na ba na'urar umarnin farkawa, ta ci gaba daga inda ta tsaya, kuma wannan ya burge ni ƙwarai. Kwantenonin LXC, wato ƙananan tsarin Linux da ke gudana kai tsaye a kan sabar, ba su da wannan gatan, kuskuren rubutu kawai suke cin karo da shi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne Meta%, wato ɗan sashen da ke riƙe taswirar inda kowane bayani yake. Idan shi ne ya cika, rumbun na iya komawa na karatu kaɗai, har gyaran ya kai ga kashe komai a yi lvconvert --repair.

Inda nake ganin gazawa shi ne saitin asali na lvm.conf, fayil ɗin saitunan LVM, wanda ya bar thin_pool_autoextend_threshold a kan 100, ma'ana rumbun ba zai faɗaɗa kansa ba. Nakan mayar da shi 80, amma hakan ba ya aiki sai da sarari a rukunin faifan da aka yanko rumbun daga cikinsa, abin da ake bari wajen girkawa kuwa bai wuce gigabait 16 ba. Kunna zaɓin discard a faifan na'ura tare da gudanar da umarnin fstrim a cikinta yana dawo wa rumbun wurin da aka goge, ban da wanda sinafshot ke riƙe da shi.

Ina ba da shawararsa ga mai sabar guda da ke son sauri da tsimin faifai, muddin zai kafa abin da zai turo masa saƙo idan Data% ko Meta% ya haura 80, ya kuma riƙa goge sinafshot da zarar sabuntawar da aka ɗauke shi dominta ta kammala lafiya.