Emiliani da Shackleton: wa ya fi karanta lakar teku daidai?

Ɗan'uwa, ka tambaya tsakanin Cesare Emiliani da Nicholas Shackleton wane ne ya fi cancanta a kira uban ilimin gano yanayin zamanin da ta hanyar aisotof, wato nau'o'in sinadari ɗaya da suka bambanta a nauyi. Sai mun fara da abin da suke aunawa, don a nan saɓaninsu yake.

Oksijin ɗin da ke cikin ruwa ba nauyinsa ɗaya ba. Akwai mai lamba 16, marar nauyi, shi ne mafi yawa, akwai kuma mai lamba 18. Dukansu ba sa rushewa komai daɗewa. A cikin teku akwai wasu halittu ƙanana kamar ƙwayar yashi, ana ce musu foraminifera, kuma oksijin ɗin ruwan yana shiga cikin ɓawonsu. Idan sun mutu ɓawonsu kan nutse ya kwanta a laka, wani bisa wani. Abu biyu ne ke ƙara yawan 18 a ɓawon: sanyin ruwa, da taruwar ƙanƙara a kan tudu. Rana ta fi saurin ɗaga ruwa marar nauyi, in kuwa ya daskare a tudu bai dawo ba, mai nauyin ne zai yi yawa a teku.

Emiliani ɗan Italiya ne, an haife shi a Bolonya a 1922. Ya yi digirin digirgir a Chikago a 1950, ya zauna a ɗakin binciken Harold Urey, wanda ya fara hango cewa wannan awo zai iya nuna zafin ruwan zamanin da. A 1955 Emiliani ya fitar da sakamakon lakar da aka haƙo daga ƙasan teku. Kafin nan malaman Turai sun tsaya a kan cewa sau huɗu ƙanƙara ta mamaye arewacin duniya; shi ya nuna abin ya fi haka maimaituwa. Shi ne kuma ya sa wa matakan sanyi da ɗumin lamba, ana ƙirgawa baya: na 1 shi ne ɗumin da muke ciki, na 2 sanyin da ya gabace shi. Har yau da lambobinsa ake aiki. Sai dai ya ɗora mafi yawan canjin a kan zafin ruwa.

Shackleton ɗan Ingila ne, an haife shi a Landan a 1937, kuma a Kembirij ya yi dukan rayuwarsa ta aiki. Mutum ne mai hannu. Ya gyara na'urar awon har ta iya aiki da ɗan ƙaramin samfuri, wannan ya ba shi damar auna foraminifera masu zama a can ƙasan teku, waɗanda ba su da yawa a laka. Dabararsa tana burge ni. Ruwan can ƙasa dama kusa yake da daskarewa, ba shi da sauran wurin ƙara sanyi sosai. To in ɓawon na ƙasan teku ya nuna canji kusan daidai da na saman teku, ashe ba zafi ne babban dalili ba, ƙanƙara ce. Abin da ya bayyana ke nan a 1967. Layin da awon Emiliani ya zana bai canza ba, fassararsa ce ta canza: ya koma tarihin girman ƙanƙara, wadda a lokacin da ta kai ƙololuwarta ta ƙarshe, shekaru kusan 21,000 da suka wuce, ta sauke teku da mita wajen 120.

A 1976 kuma, shi da James Hays da John Imbrie suka nuna cewa sanyi da ɗumi suna zagayowa ne duk shekara kusan 100,000, da 41,000, da 23,000, daidai da sauyin kewayar duniya ga rana, kamar yadda masanin lissafi ɗan Sabiya Milankovitch ya lissafa. Na 23,000 ɗin nan ya shafe mu, don shi ke ƙarfafa damina ko raunana ta a Afirka ta Yamma. A lokacin da ta yi ƙarfi ne Tafkin Chadi ya tumbatsa, zamanin kwalekwalen Dufuna na Yobe mai shekaru kusan 8,000.

In uba ake nema, wato wanda ya share hanya, Emiliani ne, ba jayayya. Har wata ƙaramar halittar teku, Emiliania huxleyi, sunansa take ɗauke da shi. Amma in ka ce wa ya fi karanta lakar daidai, zuciyata tana wajen Shackleton, kuma ba don lambar yabon kimiyya ta Crafoord da ya raba da Willi Dansgaard a 1995 ba. A shekarar 2000, bayan ya gwada lakar teku da iskar da ke cikin ƙanƙarar Vostok ta yankin Antaktika, ya dawo da kansa ya ce sanyin ruwan can ƙasan teku yana da kaso babba fiye da yadda aka ɗauka. Wato ya mayar wa Emiliani wani ɓangare na gaskiyarsa. Abin da ke taɓa ni shi ne Emiliani bai ga wannan ba, ya rasu a Filorida tun 1995. Shackleton ya bi shi a 2006.