Kwalejin shekara biyu a Amurka: ta biya ni, amma sai da lura

Duk wanda ya zo Amurka da girin kad, wato takardar izinin zama na dindindin, yana aiki dare da rana kuma yana son komawa aji, shawarar farko da za a ba shi ita ce ya fara da kwalejin al'umma, wato kwalejin shekara biyu. Ni ma haka 'yan uwa na Bronx, wani yanki na birnin New York, suka ce min, na kuwa bi. Ga abin da na gani.

Kuɗin makaranta ne ya fara jawo ni. A kwalejojin gwamnati na birnin New York, mazaunin gari yana biyan dala 4,800 a shekara, alhali jami'a mai zaman kanta tana iya cin ninkin wannan sau goma. In ka cika fom ɗin neman tallafin karatu da ake kira FAFSA kuma samunka bai taka kara ya karya ba, tallafin Pell na gwamnatin tarayya, wanda ya kai dala 7,395 a shekarar karatu ta 2024, yakan rufe kuɗin gaba ɗaya. Sai dai wannan galibi na ɗan ƙasa ne da mai girin kad. Wanda ya shigo da bizar ɗalibi ba ya samu, kuma kuɗinsa ya fi yawa. Shiga kuma ba wahala, takardar WAEC ɗina ta wadatar.

Abin da na fi yabawa shi ne ajin dare. Ƙarfe shida za ka ga mutane na shigowa da kayan aiki a jiki: direban tasi, mai kula da tsofaffi a gida, wata uwa 'yar Dominika da ke duba waya kowane minti saboda ta bar yara da maƙwabciya. Aji ƙarami ne, malami ya san sunan kowa. Malamarmu ta lissafi takan tsaya bayan an tashi, ta ja kujera kusa da kai, ta ce sake yi in gani. Ba ta taɓa nuna gajiya da Turancina ba. Lokacin hunturu magariba na faɗuwa kafin a shiga aji, akwai kuma ɗan ɗaki da ɗalibai Musulmi suke salla a ciki, mu da 'yan Senegal da Bangaladash.

Inda gizo ke saƙar shi ne ofishin masu ba da shawara. Layi ya yi tsawo, mutum ɗaya na duba ɗalibai da yawa, kowa kuma da abin da zai faɗa maka. Shaidar da ake bayarwa, wato Associate, kiredit 60 ce (kiredit shi ne ma'aunin yawan darussan da ka ci), kamar dai ND a poli, digiri kuwa 120. Ana cewa ka gama nan ka wuce jami'a ka ƙarasa saura. Gaskiya ne, amma ba kowane darasi jami'a ke lissafawa a fannin da ka zaɓa ba. Wasu da aka sa ni na ɗauka, da na je can sai aka ce ba sa cikin lissafi. Kuɗi da lokaci sun tafi ke nan. Littattafai ma tsada gare su, shi ya sa nake karanta na laburare.

Wanda zai shiga, tun zangon farko ya san jami'ar da yake hari, ya nemi jerin darussan da take karɓa a rubuce, kada ya dogara da maganar baki. Mai son aikin jinya kuma ya sani cewa gurbin kaɗan ne, sai makinsa na kimiyya ya yi kyau sosai kafin a ɗauke shi.